Gishirin Mai Azumi

Shekarar da kafilina ya kawo mana Baturen Italiya, saura wata uku iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, ta mutu. Da wannan nake farawa don kada wani ya tambaye ni abin da ya hana ni buɗe baki yadda ya kamata.

Ni Bahaushiyar Sudan ce. Aure ya kawo ni Jidda, mijin ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya da ɗaki biyu a unguwar Sa'alaba. Shekara goma sha tara na yi ina girki a wani gidan abinci a Aziziyya, kuma ni ce mai babbar tukunya: shinkafa, miya, da shorba, wato romon alkama na watan azumi, wadda mutane ke yi wa layi da robobinsu tun la'asar. Mai gidan abincin shi ne kafilina. In ya sabunta mini takarda, ni da 'yata muna nan. In ya ƙi, sai jirgi, zuwa ƙasar da 'yata ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

Kafilin nawa ba mugu ba ne, kwaɗayin abin talabijin ne ya yi masa yawa. Wata safiya muka zo aiki muka tarar da hoton wani mutum a ƙofa, ya fi ƙofar tsawo, ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushin da ban san dalilinsa ba. Aka ce mana wannan shi ne ya ci gasar girki ta talabijin a ƙasarsu, gasar waɗanda girki ba sana'arsu ba ce. Na ce a sake faɗa mini. Aka sake. Wato mutum ya fi sauran 'yan koyo iyawa, shi ne aka ɗauko shi a jirgi ya zo ya shugabanci waɗanda suka tsufa a bakin murhu.

'Yata tana aiki a shagon ɗinki, kuma Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Ita ta bincika mini shi a waya ran Juma'a bayan mun ci abincin rana.

"Umma, shufi, duba nan, da can a ofis yake, hatimi yake bugawa. Wallahi!"

"To sauran da suka ci gasar fa? Ina suke?"

Ta yi ta ja da yatsa tana karanto mini. Wani ya buɗe gidan abinci, ya rufe tun fenti bai gama bushewa ba. Wata tana tallar kaskon suya. Wani ya rubuta littafin girki, hotonsa a ciki ya fi na abincin yawa. Wata kuwa ta koma aikinta na da, ita kaɗai na ga alamar hankali a tare da ita. Namu shi ne mai yawo ƙasa ƙasa, yana ba masu gidan abinci hayar fuskarsa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya girki kala huɗu. In ka ba shi awa guda da mutum uku masu yanka masa albasa, zai fito da taliya loma biyar, ya ɗora mata ganye ɗaya da hantsaki, ya ja da baya yana kallonta. Amma bai taɓa ciyar da mutum ɗari uku masu yunwa ba. Yana yawo a kicin yana tafa hannu yana ihun saura minti biyar, ko da babu abin da ke jiran minti biyar ɗin. Larabcinsa kalma uku ne: yalla, wato maza, halas, wato shi ke nan, da milh, wato gishiri. Aljihun rigarsa cike da cokula, kuma dokarsa ɗaya ce, babu tukunyar da za ta sauka ba a ɗanɗana ta ba. Kafin azumi ban damu ba. Ina ɗanɗanawa don a zauna lafiya, ko da yake hancina ya riga ya gaya mini abin da ke ciki.

Sai ga azumi. Ranar farko, shorba tana tafasa, ya miƙo mini cokali. Na girgiza kai. Ya sake miƙowa har ya kusa taɓa mini haɓa. Na san malamai sun yi sassauci, mai girki na iya ɗanɗanawa ta tofar. Amma mahaifiyata ba ta taɓa yi ba, ni ma ban taɓa ba. Da tafin hannu muke auna gishiri, da hanci muke jin ya ji, kuma ba a taɓa dawo mana da kwano ba.

Ya je ya kira kafili, suka yi Turancinsu, sannan kafili ya juyo gare ni.

"Ya Hajja, shef ya ce mai girkin da ba ta ɗanɗanawa ba mai girki ba ce."

"Shekara goma sha tara kana cin me, ya shaikh?"

Ya kau da kai. "Ni dai iƙamarki bayan Sallah ce. Abin da shef ya ce a kanki shi zan bi. Halas."

Tsoro na ji, tsoro sosai, kuma na ji haushin kaina da na bari Baturen ya gan shi a fuskata.

Tunda na ƙi, sai ya ce shi zai riƙa ɗanɗanawa. Yana da ɗan kunya, a ɗakin ajiya yake ɓuya ya ci burodinsa da cuku mai gishiri, ya kora da baƙin kofi. Da wannan bakin yake fitowa ya yanke wa abincin masu azumi hukunci. Tururin babbar tukunya yana ba shi tsoro, don haka ni ke ɗebo masa a ƙaramar tukunya. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Milh!" Na ƙara damƙa ɗaya. "Milh!" Sai da na zuba damƙa uku a kan abin da ya riga ya ji, ina zubawa zuciyata tana ƙuna.

Duk macen da ta taɓa dafa abincin buɗa baki ta san abin da shi bai sani ba. Harshen da ya wuni bai taɓa komai ba, gishiri kaɗan yake ji kamar mai yawa. Kuma wanda ya sha gishiri da magariba, gobe da azahar zai gane kurensa a zafin Jidda, musamman masu ɗaukar kaya a Madinar Masana'antu, waɗanda su ne rabin layinmu. Saboda haka a azumi ragewa ake yi. Na faɗa wa kafili wannan dalla-dalla, na ce ya fassara. Maganar da na yi minti biyu ina yi, ya mayar da ita kalma huɗu. Baturen ya yi dariya, ya dafa kafaɗar kafili, ya ce gishiri ai gishiri ne a ko'ina.

Kwana huɗu layi ya ragu da rabi. Wani dattijo da ya shekara goma yana sayen shorbata ya leƙo ta tagar kicin ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Ko hannunki ne ya fara rawa?" Kafili yana tsaye yana ji. Da dattijon ya tafi ya dube ni, ban ga ya dubi shef ba.

A rana ta biyar na daina gardama. Na ɗebo masa a ƙaramar tukunya kamar kullum. Ya ce milh. Na tsoma hannu a cikin buhun gishiri, na dunƙule, na kai cikin tururin babbar tukunya na watsa. Babu ko ƙwaya a hannun. Sau uku na yi haka, da ƙarfi, har da juya muciya. Da zan sake ɗebo masa, na saki ɗan gishirin da na maƙale tsakanin yatsu a cikin ƙaramar tukunyar. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sumbaci yatsunsa. Mutumin da aka ce harshensa ya ci gasa a gaban ƙasa guda bai taɓa tunanin ya kai cokalinsa babbar tukunya ba, har watan ya ƙare.

Layi ya dawo, har ya zarce na bara, don hoton ƙofa ya jawo wasu. Goman ƙarshe aka turo masu ɗaukar bidiyo. Aka ce in matsa gefe. Ya tsaya a gaban tukunyata, ya riƙe muciyata kamar mai riƙon tsintsiya, yana bayanin yadda ya gano sirrin shorbar azumi. 'Yata ta fassara mini daga baya. Wai sirrin shi ne kada mai girki ya ji tsoron gishiri.

Bayan Sallah da kwana uku kafili ya kira ni ofis. Baturen yana zaune, jakarsa a gefe, wata ƙasar ta yi hayarsa. Kafili ya turo mini iƙamata a kan tebur, sabuwa.

"Mabruk, ya Hajja. Shef ya ce da farko kanki da tauri, amma kin koya. Yalla, ki gode masa."

Na raina mutumin nan tun daga hotonsa har cokulansa, kuma har gobe ina raina shi. Amma ni ce na rusuna. Na ce, "Shukran, ya shef," har sau biyu, don na farkon bai fito sosai ba. Ya zaro cokali ɗaya daga aljihu ya ba ni kyauta, na karɓa da hannu biyu. A motar komawa Sa'alaba na yi ta kuka, katin iƙamar yana cikin tafin hannuna, kuma ban gaya wa 'yata dalilin kukan ba.

Bai tafi haka nan ba, ya bar mana takarda. Kafili ya sa an rufe ta da leda an manna a bango saman murhuna, da Larabci da harshensu: shorbar shef, a ƙara gishiri damƙa uku kafin a sauke. An cire hoton ƙofa tuni, rana ta cinye shi, amma takardar tana nan. Duk ranar farko ta azumi kafili yakan shigo kicin da kansa ya tsaya a bayana, don ya tabbatar ban koma wa jahilcina ba. Bana ma ya zo. Na tsoma hannu a buhu, na dunƙule, na watsa wayam a cikin tururi sau uku, shi kuma yana ƙirgawa yana gyaɗa kai.