Idon Mage a Rumfar Malam Sada

Malam Sada maƙerin azurfa ne a kasuwar Malumfashi. Zobba da 'yan kunne yake yi, sana'ar da ya koya wajen kawunsa.

Sau ɗaya ya taɓa riƙe dutsen nan mai daraja da ake kira kirisoberil. Wani Alhaji Bature ne ya sayo shi a Makka, ya kawo a ɗora masa a kan zobe. Launinsa kamar zuma, ga wani siririn layin haske a tsakiya da ke motsi duk inda aka juya shi, shi ya sa ake ce masa idon mage. Alhajin ya ce akwai ɗan'uwansa da ya fi shi tsada, kore ne a rana, a gaban fitila kuma sai ya koma ja. Malam Sada ya ba da labarin a majalisa, ashe ya jawo wa kansa.

Tun daga nan aka ɗauka ya san duwatsu. Kowace ranar kasuwa sai manoma sun zo masa da tsakuwa ƙulle a leda. Yakan wanke, ya ɗaga a rana, ya goga da magagarin ƙarfe, ya ce ba shi ba ne. Wasu su yi godiya, wasu su tafi suna cewa baƙin ciki yake musu.

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Ummaru, wani manomi daga Gozaki. Ya tsinci wani rawayan dutse wajen huɗa, kafin ya kawo shi kuwa har ya haƙe rabin gonarsa ta masara.

Malam Sada ya daɗe yana juya dutsen, yana fatan ganin layin nan.

"Ummaru, koma ka cike ramukan nan tun damina ba ta wuce ka ba," in ji shi.

Ummaru bai ji ba. Ya kai dutsen Jos wurin dillalai, can ma suka gaya masa haka. Shekarar bai girbe abin kirki ba, kuma har yau in ya shigo kasuwa ba ya bi ta gaban rumfar.

Yanzu duk wanda ya kawo dutse, Malam Sada yakan ce masa idonsa ya yi rauni. Gaskiya ne kuwa, ko awon yatsan mai son zobe sai ya laluba. 'Yarsa Sa'adiya ta matsa a kai shi asibiti a duba, shi kuma kullum sai ya ce a bari sai bayan kaka.