Saƙon Yaya: neman bakin bindiga a Guangzhou

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da abokin tafiyata, wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya riga ni sanin China da zuwa uku. Shi har gyangyaɗi ya yi a mota. Ni kuwa sai mutsu-mutsu nake a kujera, don ban da wandunan jins da zan saro wa shagona na Kwari, ina ɗauke da wani saƙo da ya fi ƙarfin kaina.

Saƙon na yayana ne, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tsohon soja ne, kuma tun da ya ajiye kaki manoman shinkafa na wajen Kadawa suka ɗauke shi yana harbe musu gyazbi da gafiyar da ke yanke musu shuka. A da, in Yaya ya ɗaga bindiga, sai dai a je a ɗauko nama. Amma rani biyu ke nan yana kuskure, har manoman suka fara ƙus-ƙus cewa in bana ma haka abin ya kasance, za su sallame shi su koma zuba guba. Yaya ya ce laifin tsohuwar bindigarsa ne. Ya karɓo takardar neman sabon lasisi, ya yi magana da wani dila mai izini a Kano wanda kayansa duk ƙirar China ne, saura gurbi ɗaya bai cike ba, wato girman bakin bindiga. Mai ɗura kanta yake so, wadda ba sai an ja komai ba bayan kowane harbi, kuma babba, kusa da irin wadda ya riƙe a soja. Ya ce tunda ƙasar maƙeran za ni, in gani da idona, in gwada, in zo masa da lambar da zai rubuta. Ni da ko danƙo ban iya harbawa ba! To amma wa ya isa ya ce wa Yaya a'a?

Kusan kwana biyu muka yi muna sauka muna tashi, daga Legas zuwa Addis Ababa, daga can Bangkok, sannan Hong Kong, wadda ba a daɗe da Turawa suka mayar wa China ita ba. Jirgin ƙasa ne ya ƙarasa da mu Guangzhou. Abin da ya fara tarbata shi ne zafi mai danshi, irin wanda kana fitowa daga wanka za ka nemi wani wankan. Kekuna da babura kuwa, in suka taso daga danja sai ka rantse an tashi kasuwa ne. Muka kama ɗaki a unguwar Dengfeng, hawa na biyar, da ƙafa ake hawa, ga fanka ɗaya mai kukan tsohon injin markaɗe. Baƙar fata ba yawa a garin. In ka hango ɗaya a tsallaken titi sai ka ɗaga masa hannu, kuma sau da yawa da Hausa zai amsa maka.

Abinci ya so ya ba ni wuya, don a garin nan abin da ya motsa duk yana iya shiga tukunya. Allah ya haɗa mu da wani Musulmi ɗan ƙasar mai farar hula, yana jan taliya da hannu a gabanka har ta yi siriri, ya zuba mata romon saniya. Aka miƙo min tsinke biyu wai in ci da su. Na gwada sau uku, rigata ta fi ni ci, na nemi cokali, na zaro yajina daga aljihu na barbaɗa.

Kwana uku muka yi muna zarya a Xintang, garin jins. Kowane gida keken ɗinki ne ke ruri a ciki, mata na zaune a ƙofa suna tsinke zare, ruwan kwata ma shuɗi ne. Kuɗin wando ɗaya a Kwari zai iya ba ka uku a nan. Ya kamata in yi murna, amma wallahi ina taɓa yadi hankalina yana Kadawa. Sau biyu Alhaji yana zungurina don na amsa farashin da ko rabin ciniki ba a kai ba.

Rana ta huɗu na kasa haƙuri. Muna cikin kasuwar Shahe na sulale na bar shi, na shiga wani shago da na ga madubin hangen nesa da tocila da filas na shayi. Na gaishe da mai shagon da ɗan abin da na koya, na ce masa lawban, wato maigida. Daga nan Sinancina ya ƙare. Sai na miƙe babban yatsa da manuni, na yi masa alamar bindiga kamar yadda kowane yaro a Kano zai gane. Ya dube ni ya ce, “Ba?” Na ce a raina, to, babu ke nan, na gyaɗa kai cikin takaici. Kafin in juya mutumin nan ya sauko da filas takwas ya fara ɗaurewa. Ina cewa a'a, yana nuna min yatsuna yana ta “ba, ba”, mutane suka fara taruwa. A haka Alhaji ya same ni, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Da ya gama dariyarsa har da riƙe ciki, sai ya bayyana min cewa a nan wannan alamar takwas take nufi, kuma takwas ɗin sunanta ba. Muka ba mai shago haƙuri muka fito. A waje fuskarsa ta canza. Ya ce in gode wa Allah da takwas aka fahimta, don ba a daɗe da tsananta doka ba, ko bindigar iska an karɓe daga hannun mutane. “Garin ga ba a tambayar wanga abu cikin kasuwa,” in ji shi. Na ji kunya, na kuma ji haushi, har da haushin Yaya da ya ɗora min abin da ban san kansa ba.

Alhajin ne dai ya fitar da ni. Ya tambayi wani mai masaƙa da suka saba, aka kwatanta mana wani filin koyon harbi na hukuma a bayan gari, inda baƙo zai nuna fasfo ya biya ya gwada. Muka yi fiye da awa a bas, ta cikin gonakin ayaba da tafkunan kifi.

Bindigogin a ɗaure suke da sarƙa a jikin tebur. Mai koyarwar wata 'yar gajeriyar dattijuwa ce mai furfura, da usur a wuya. Ban so ba da farko, na ɗauka za a kira mana namiji, amma da na ga yadda sojan ƙofa ke sara mata sai na kama kaina. Da guntun Sinancin Alhaji da biro da takarda muka yi maganar. Tambaya uku ta yi: wace dabba ce, daga nisa nawa, kuma me ke bayanta. Na zana gyazbi, ta kalla ta yi dariya don ya fi kama da alade. Na ce nisan bai wuce taku hamsin ba. A bayansa kuma akwai ruwan fadama, da masu dashe, da gidajen ƙauye.

Ta ajiye harsashi biyu a tebur. Ɗaya bai kai rabin ƙaramin yatsana ba, ta rubuta 5.6 a gefensa. Ɗayan ya kai tsawon manuni, ta rubuta 7.62. Alhaji ya raɗa min cewa ƙaramin shi ne wanda mutanenmu ke kira ashirin da biyu. Ni kuwa da kunnena na sha jin Yaya yana kiransa harsashin yara. Na nuna babban na dage. Ba ta yi musu ba, ta toshe min kunne ta gyara min zama.

Harbin farko na ji kamar jaki ya shure ni a kafaɗa. Daga nan jikina ya riƙa zabura tun kafin in danna kunamar bindigar, kuma da yake bindigar na ɗura kanta, yatsana ya yi ta gudu don in gama in huta. Aka kawo takardar da na auna da harbi goma: huji huɗu, kowanne ya kama gabansa, sauran shida Allah kaɗai ya san inda suka tafi. Sai ta mayar da ni kan ƙaramar. Ƙararta kamar an karya karan dawa, ko motsi ba ta yi a kafaɗata ba. Goman duka suka taru a wurin da tafin hannuna ya rufe.

Ta yi bayani Alhaji yana tsinto min. Babban harsashi na nesa ne da manyan dabbobi. A kan gyazbi zai huda ya wuce, in ya taɓa ruwa ya yi tsalle, ya je ya sami wanda bai san ana yi ba. Ƙaramin ma ba abin wasa ba ne, kuma iska na ture shi in nisa ya yi yawa, amma a taku hamsin ya isa, ga shi ba ya koya wa jiki tsoro. Na naɗe takardun biyu na sa a jaka. Amsa dai na samu, sai dai ba ita aka aiko ni nema ba.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Muka auna kaya muka ba masu jirgin ruwa. Sau uku ina zuwa shagon waya in buga gidan maƙwabcin Yaya, layi bai shiga ba, kuma gaskiya daɗi na ji. A jirgi na yi ta tsara yadda ƙane zai gaya wa tsohon soja ya koma bindigar yara, in tsara in warware har muka sauka.

Washegari da la'asar na same shi a kan tabarma a gindin mangwaro. Bayan gaisuwa da ban gajiya na shimfiɗa takardun a gabansa, na fara zuba kamar rediyo. Bai katse ni ba. Ya ɗauki ta ƙaramar bindigar ya nisanta ta, ya matso da ita dab da hancinsa, ya juya ta wajen rana. Sannan ya bi ta da babban yatsa a hankali.

“Huji nawa ne a nan?”

Na ce goma ne, Yaya.

“Ni ɗaya na samu. Shi ma sai da na taɓa.”

Ya ce tun bara waccan abin ya fara, yana ganin kamar hayaƙi a gabansa, yanzu motsin shinkafa kawai yake bi ya harba. Ko matarsa bai gaya wa ba. Da na tambaye shi to me babbar za ta yi masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce mai ƙara yake so, don manoma su riƙa ji daga gida su san yana nan yana aiki. Na tuna masu dashen nan, tausayinsa kuma ya cika ni har na kasa kallonsa.

Na je har China na koyo cewa girman harsashi ba shi ke kawo saiti ba, sai ka san me za ka harba da wanda ke bayansa. Amma abin da ya fi wannan, rani biyu ina zuwa gaishe da mutumin nan ban taɓa tambayarsa me ke damunsa ba, sai da na ƙetare teku.

Da zan tafi ya ce manoman shi zai gaya musu zancen idonsa da bakinsa ranar Juma'a. Ya ce gobe in zo in kai shi asibitin ido, kuma in zo da kaina, kada in aiko direba.