Sujadar da na yi wa ƙwallon satar gida

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ni ne lamba tara a wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwarmu a Potiskum. Da safe ina taya babana kora shanu cikin mota a kasuwar shanu, da yamma ina fili. Burina ɗaya ne, wani babban kulob ya ɗauke ni in rabu da kashin shanu.

Sai labari ya zo cewa wani koci zai zo daga Kano kallon wasanmu da 'yan unguwar Yindiski, kuma mutum ɗaya zai ɗauka. A lokacin, Allah Ya yafe mini, asubata sai rana ta fito. Amma satin nan ni nake tashin ladan. Na yi wa Allah alkawari in na ci, zan yi sujadar da ba a taɓa gani ba a filin nan.

Abokina mai ba ni ƙwallo daga tsakiya Kirista ne ɗan Filato. Ya ce, "Kai dai ka ci, ni ma zan durƙusa in yi tawa."

Saura minti biyar a tashi, babu ci, ya zuro mini ita, na ɗaɗa ta a raga. Na ji usur. Na ruga kusurwa, na nemi gabas, na kifa goshi. Abokina ya zube a gefena ya rufe ido. Na gode wa Allah, na roƙa wa iyayena, na roƙi gida a Kano, har mota na saka. Ina jin ihu ina cewa duk nawa ne.

Ashe usur ɗin na satar gida ne. Muna can muna ibada, 'yan Yindiski suka buga, suka ratsa ta inda mu biyu ya kamata mu tsaya, suka zura mana.

Golanmu ne ya ɗago ni da wuyan riga. "Liman, a shafa haka nan, an ci mu!"

Wanda ya ci mu kocin ya ɗauka. Na koma gida ina kuka wiwi, ƙato da ni. Mahaifiyata ta gama dariyarta har da share hawaye, sannan ta ce, "Da ka ɗago ka ga ba ci ba ne, ka karɓe godiyar taka?"

Na ce a'a.

"To ba ka yi asara ba. Gobe ma ka tashi ladan."

Yau shekara kusan talatin ina sayar da shanu, kuma har gobe Liman ake kirana a kasuwa. Rashin zuwa Kano ya daɗe yana yi mini ciwo. Amma wannan ce sujada ta farko da na yi da zuciyata duka, kuma tun daga ita rana ba ta sake riga ni tashi ba.