Hannu a Ƙirji

Jiya na ga yara da fararen kayan takwando, wasan faɗan nan irin na kareti, a Ƙofar Durbi, sai marigayi malaminmu ya faɗo mani a rai. Shi ya buɗe makarantar da muka koyi wasan, kuma ya hana a rusuna mashi. Yakan ce, "Ruku'u na Allah ne. Ku dafa ƙirji, ya isa."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ɓarin jikinshi ya shanye. Na iske shi kwance, ɗakin sai warin man zafi. Na dafa ƙirji na ce, "Malam, ya jiki?" Hannun nan mai fasa katako ya yi ta rawa bisa tabarma, ya ƙi tashi ya dafa ƙirjinshi.

Allah Ya jiƙan Malam. Ya ƙi karɓar ruku'unmu, Allah Ya karɓi nashi.