Ƙauyen da Yaya Sanusi Ya Ƙona

Ranar wata Asabar, cikin dogon hutun shekarar da na gama firamare, na dawo daga kai markaɗe na tarar da Yaya Sanusi a falonmu na Unguwar Rimi, ya miƙe ƙafa, hannun gem, abin da ake dannawa a yi wasan, a cinyarsa, ƙauyena kuwa yana ci da wuta a talabijin.

Gem ɗin gwanjo ne, Baba ya sayo mana a Kawo. Yaya Sanusi ƙwallo kawai yake bugawa, ni ce mai bin dogon labarin wani mayaƙi, in an kawo wuta kuma na gama wanke-wanke. A tsakiyar labarin akwai wani ƙauye a bakin ruwa, inda ake wani kiɗa da ban taɓa jin irinsa ba, ko a rediyo ko a gidan biki. Kamar goge yake, amma mai sanyi, da muryar mata ƙasa-ƙasa cikin yaren da ban sani ba. Sai na ƙi yin gaba. Nakan tsayar da mayaƙin a bakin rijiya, in ƙara sauti, in ɗauki tsintsiya. Har Mama ta fara bin kiɗan da baki tana tankaɗe.

Shi kuwa sarkin sani cewa ya yi ai ba a tsayar da fim a tsakiya. Ranar, ina fita ya ja mayaƙin gaba, aka ba shi zaɓi: ya tsare ƙauyen, ko ya bi abokan gaba. Ko karantawa bai yi ba ya danna na biyu, aka cinna wa ƙauyen wuta. Don muguntar ta cika, ya ajiye nasa wasan a kan nawa, a katin memori ɗaya tilo da muke da shi, mai riƙe inda kowa ya tsaya.

Na yi kuka har da majina, na tsane shi tsana ta gaske. Ya ce, "Haka aka tsara, kamar fim." Ƙarya yake. A fim in gari ya ƙone ba hannun mai kallo, kuma kana mayar da kaset baya za ka same shi daram. Wannan kuwa da babban yatsansa ya ƙona shi. Na so in sake daga farko, amma faifan gem ɗin ya riga ya kakkarce, bai ƙara kai ni ƙauyen ba.

Yau 'ya'yana kan nemo kowace waƙa a waya kafin in rufe baki. Na rera wa wayar kiɗan ƙauyen, ba ta gane ba, sunan gem ɗin ma ya ɓace mini. Rabin kiɗan ne ya rage a kaina, kullum kuma raguwa yake. Yaya Sanusi, da furfurarsa, ya ce bai tuna an yi ba. Na yafe masa abubuwa da yawa, amma ban da wannan.