Wutar da Ba a Yanka Mata Ba

Mu maƙera ne a Allakaye, kuma ƙanena shi kaɗai ne namiji a gidanmu. Lakkol, makarantar boko, ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ta kai shi Tawa, ta kai shi Yamai, daga can sai Faransa. Da ya zo hutu bayan girbi, Baba ya zaunar da shi a maƙera, ya ce ya faɗi aikin da ya hana shi riƙe masaba. Ina gefe ina gyaran wake.

Ƙanena ya ce su ma wuta suke hurawa, wadda ta fi rana zafi. Babu tukunyar da za ta ɗauke ta, sai su riƙe ta da maganaɗisu cikin wani ɗakin ƙarfe mai siffar gammo, tana zagaye ba ta taɓa bango. Matsalar a gefenta take. Zafi ya yi ta taruwa a can, farat ɗaya ta ɓalle ta watsa wa bango, ta lafa, ta sake tarawa. Duk watsawa sai ta ci ƙarfen. Aikinsa shi ne neman yadda za ta daina.

Baba ya saki zugazugi. "Mi kuka ba ta kahin ku hura?"

"Ba a ba ta komi, Baba. Lissahi na."

Ya yi dariyarsa ta ƴan boko, har yau tana ba ni haushi. Baba ba ya fashin salla, amma na tashi na ga ana yanka jan zakara a kan uwar maƙera duk shekara. A wurinmu, wutar da aka hana haƙƙinta ita ke zaɓen abin da za ta ci.

"Bango ta hwara," in ji Baba a hankali. "Wa ka tsayi kusa da bangon?"

"Ni na mana."

Maganin wuta na gidanmu mutum ɗaya ke riƙe shi, wanda ya bayar kuwa ya rabu da shi. Da shi Baba ke juya garwashi da yatsa. Ranar da ƙanena zai shiga motar garin Buza don komawa Faransa, Baba ya ce in dama fura, ya karɓi ƙwaryar ya shiga ɗaki. Da ya fito ya tsaya a kan ƙanena sai da ya shanye. Na gane maganin ne ya zuba masa a ciki.

Ana shirin damina manoma suka kawo kalmunansu na noma gyara. Ina tsakar gida na ji guduma ta yi shiru, sannan na ji ƙauri. Na tarar da Baba zaune yana kallon tafin hannunsa, fatar ta saɓule. Fuskarsa babu mamaki.

Ina shafa masa man shanu ina kuka, na ce zan buga wa yaron waya.

"Kak ki gaya mai, ɗiyata," ya ce. "In ya ji, maido min shi za ya yi."