Salatif a Kan Tirebul

Maigidana makaɗin jita ne, kuma a unguwarmu ta Madabo, unguwar malamai, wannan ba sana'ar da ake faɗa da ƙarfi ba ce. Idan baƙi suka tambayi Hajiya, mahaifiyarsa, abin da ɗanta yake yi, sai ta ce yana harkar kayan wuta. Ba ta yi ƙarya ba, don jitar tasa ba ta magana sai an jona ta da amfilifaya, wani baƙin akwati mai sifika a ciki da ɗan gilashi mai nuna lambobi. A ƙuryar ɗakinmu yake ajiye shi, a lulluɓe da tsohon zanena.

Tun ina amarya ya koya mini maɓallan nan uku da ake murɗawa a saita sauti, ko da yake ban roƙe shi ba. Ya ce bes shi ne ƙirjin jita, mid maƙogwaronta, tirebul kuma bakinta. In bes ya yi yawa sai kiɗa ya dame kamar kunu, in an janye mid sai jitar ta ɓace a cikin sauran kayan kiɗa, in kuwa tirebul ya wuce gona da iri sai ya riƙa soka kunne. Ya daɗe yana ƙara wannan yana rage wancan kafin ya samu abin da yake so. Da ya samu sai ya danna wani maɓalli, akwatin ya riƙe saitin a ƙwaƙwalwarsa a lamba ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Kin ji? Wannan ce muryata." Na ce masa to madalla, tuwo dai yana hucewa. Amma a raina na san sautin ya yi daɗi, mai taushi ne, ga ɗumi.

Sai shekarun nan na tashin bama-bamai suka zo. Shingen jami'an tsaro ya cika gari, biki ya koma na rana tsaka, kowa yana sauri ya koma gida. Ɗaukar baƙin akwati mai wayoyi a irin wannan lokaci neman magana ne. An sha tsayar da shi a sa shi ya sauke, ya buɗe bayansa, ya yi bayani hannu a sama.

Ranar da tashin bam ya rutsa da shi yana tsaye ne bakin titi wajen Ƙofar Nassarawa, yana jiran adaidaita sahu. Ya dawo gida da ƙura har cikin gashin ido, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa. Gida ya cika da 'yan jaje, kowa yana cewa Allah ya kiyaye, Allah ya tsare gaba. Hajiya ta yi sadakar waina. Da ya ce kunnuwansa suna ƙugi, aka ce firgita ce, za ta wuce.

Ƙugin ya ragu, amma ni da nake ɗaki ɗaya da shi na ga abin da ya rage. Waya takan yi ta ƙara a aljihunsa bai sani ba. Ranar da ya fara ɗauko jitar bayan abin ya faru, ya danna lamba ɗaya, ya kaɗa, sai ya ɓata fuska ya ce akwatin ya lalace, wai sautin kamar an danne shi da katifa. Ya kama tirebul ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har ya kai shi ƙarshe, ya bi da mid. Abin da ya fito daga sifikar nan sai da na ji shi a haƙorana. Shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce yanzu da dama-dama.

Ya tambaye ni, "Ya kika ji?"

Na ce, "Ya yi."

Haka kowa ya ce masa. Mu a wurinmu mutumin da Allah ya fitar daga bakin mutuwa ba a tunkararsa da lissafin abin da ya rasa, gani ake kamar rashin godiya ne. Abokan kiɗansa ma kara suka yi masa, irin karar da take kashe mutum a tsaye. Ba wanda ya ce masa komai, sai dai kiran ya ragu. Yau a ce masu biki sun rage kayan kiɗa, gobe a ce za a neme shi. Yana zaune a gida yana zagin masu binciken hanya, wai su suka jijjiga masa akwati.

A gidan suna na haɗu da matar mai fiyano, wanda shi ne shugaban ƙungiyarsu. Ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwai biki a Koki ranar Asabar, an kira maigidanki. In jitar nan ta sake yanka kunnen mutane, wallahi sun ce shi ke nan. Kuma duk cikinsu ba mai iya faɗa masa."

Raina ya ɓaci sosai. Maza majiya ƙarfi, sun shekara suna cin abinci kwano ɗaya da shi, amma maganar sai a aiko ta hannun mata. Na dawo gida ina huci, ga tsoro fal cikina, don na san in aka raba mutumin nan da kiɗa ban san wanda zan ci gaba da zama da shi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kawo wuta, ya zauna gaban akwatin yana ta fama. Ban iya faɗa masa da bakina ba. Sai na ɗauko wayata, na nemo wani kiɗansa da na ɗauka tun kafin abin ya faru, na kunna na miƙa masa. Ya kara a kunne, ya juya ɗaya kunnen.

Ya ce, "Ke ma wayar taki sifikarta ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya zuba wa maɓallan ido. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kuma da ana mayar da hannun agogo da na fasa. Daga tsakar gida ina jiyo muryar Hajiya tana faɗa da kaji.

Can ya ce, "Tun yaushe kuka sani?"

Na ce, "Tun ranar farko, Malam."

Ya danna lamba ɗaya, ya kaɗa, tsohuwar muryar ta dawo ɗakin. Ya ce zauren taro ba ɗaki ba ne, jikin mutane yana shanye kaifin sauti, sai an ɗan ƙara. Ya tura akwatin gabana da ƙafa ya ce, "Murɗa, ni ba ni da abin aunawa." Yana kaɗawa ina ƙara mid kaɗan kaɗan har jitar ta fito fili, na ɗaga tirebul ɗan ƙanƙani, na rage bes da na ji yana kaɗa kwanukan kabad. Da na ce ya isa, shi da kansa ya ce in kawo salatif. Ya manne tirebul ɗin ram, ya ce ya san hannunsa, ba zai haƙura ba.

Na je bikin na Koki, na zauna inda zan riƙa ganinsa. An fara da wuri saboda dokar hana fita, an kuma caje kowa a ƙofa har jakar hannu. Da aka zo wurin da jita take fita ita kaɗai, na ga hannunsa ya tafi kan akwatin, ya taɓa salatif, ya tsaya, ya koma kan tsirkiya. Ya sake yin haka daga baya, gumi yana zuba a wuyansa. Mata suna ta rawa abinsu. Mai fiyano ya juyo ya ɗaga masa babban yatsa, a raina na ce ka ji kunya dai.

Kafin magariba muna gida. Ya lulluɓe akwatin da zanen, ya zauna bakin gado yana cire takalmi.

Ya ce, "Sun ce in zo sati mai zuwa. Yanzu faɗa mini gaskiya, ya ta fito?"

Na ce, "Wallahi kamar da. Muryarka ce sak."

Ya gyaɗa kai, ya tura takalmin ƙarƙashin gado.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ku kun ji ta."